Daɗin Zama Inda Ba a San Ka Ba

 

Akwai wani dattijo da na daɗe ina gani a teburin wani mai shayi a Fagge, nan cikin Kano. Bayan sallar isha'i yake zuwa. Sai ya zauna can ƙarshen benci, ya ce a zuba masa ruwan bunu, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya zuba wa titi ido. Ana musun ƙwallo ba ya tankawa, ana na siyasa ba ya sa baki. In ya shanye ya biya, ya ce a kwana lafiya, ya bi lungu. Ran nan benci ya cika har kafaɗarmu ta haɗu, sai na ce masa, "Baba, kullum kai kaɗai. Ba ka kewar gida ne?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, shekara 50 na yi a garin da in na yi tari sai an ba da labari. Nan kuwa ko mai shayin nan bai san sunana ba. Ka bar ni in huta."

Maganar nan ta zauna mini a rai, domin ta saɓa wa abin da aka rene mu a kai. Mu Hausawa mutanen jama'a ne. Mun ce mutum rahama ne, mun ce zumunci a ƙafa yake, mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya cika keɓe kansa kuwa, yanzun nan za a raɗa masa suna: miskili, ko mai girman kai, in abin ya yi nisa a fara raɗe-raɗin ko iska ce ta taɓa shi. Duk da haka, da za a tona zukatan mazauna manyan biranenmu, da an tarar mutane da yawa suna son birni ne saboda abin da dattijon nan ya faɗa. Kunyar faɗi kawai suke ji. To, yau bari mu faɗa musu.

Mu fara da abin da ake gudu. A ƙaramin gari, kafin ka san kanka an riga an san ka. Kai ɗan wane ne, jikan wane. In kakanka ya taɓa cin bashin hatsi bai biya ba, akwai tsohuwar da ta riƙe lissafin. In gidanku na maƙera ne, ko na wanzamai, ko na mahauta, to ko ka zama farfesa, ranar da ka je neman aure sai an tuna maka. Laƙabin da aka sa maka kana yaro, saboda wata faɗuwa da ka yi daga kan jaki, shi zai bi ka har furfura. In ka sayi sabon keke an ce a ina ya samu, in ka sayar da tsohon an ce ya karye. Masu magana sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Mata su suka fi kowa sanin nauyin wannan ido. Amarya ta yi shekara biyu a ɗaki, duk wadda ta shigo gidan sai ta fara duban cikinta kafin fuskarta, ta ce, "Har yanzu dai shiru?" Wadda aurenta ya mutu ta dawo gaban iyaye, tun daga ƙofar gida har bakin rijiya kowa yana da nasa labarin abin da ya kashe auren, alhali ba wanda ya kwana a ɗakin. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, gaisuwar safe ma ta zame masa tuhuma. Yawancin masu tambayar nan ba da mugunta suke yi ba. Sai dai tambaya ɗaya in mutum 40 suka yi maka ita a yini, ta tashi daga tambaya ta koma duka.

To sai mutum ya hau mota ya sauko Kano. Kun san kirarinta: tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Mun saba fassara kirarin nan da dukiya da ilimi da sarauta. Ni kuwa ina ganin ya fi haka faɗi. Ko da wace irin fatara ka zo, akwai wanda ya fi ka. Ko da wane abin kunya ka gudo, akwai wanda nasa ya ninka naka, yana nan yana cin tuwonsa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma ƙwaryar birnin kaɗai ta mamaye ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44. Ka shiga Kantin Kwari da hantsi ka gani. Ɗan dako ya taho da dila a ka yana "hanya, hanya", 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suna ciniki da sefa a baki, dillali ya kama hannun Alhaji yana ja. Ka tsaya a tsakiyar wannan hada-hada da yagaggiyar riga ko da shadda mai maiƙo, duk ɗaya ne, sai dai a ce ka matsa. Wanda bai taɓa zama inda ido ke binsa ba zai ce wannan rashin daraja ne. Wanda ya taɓa kuwa, ajiyar zuciya zai yi.

Wannan shi ne sirrin cin rani da ba a cika faɗa ba. Kowa ya san neman kuɗi ke kai matasanmu Legas da Fatakwal da Abuja in an gama girbi. Amma me ya hana mutum tura kurar ruwa a garinsu, inda ake buƙatar ruwan? Ido ne. Ɗan gidan dagaci ba zai iya yawon wankin takalmi a unguwar da ake gaishe da mahaifinsa a durƙushe ba. A Agege kuwa, ko Obalende, zai rataya akwatinsa yana ƙwanƙwasawa, ya yi yankan farce, ya yi gadi, ya yi dako a kasuwar Mile 12, ba wanda zai ce ai ɗan wane ne. Damina ta kusa ya dawo da 'yan kuɗinsa da turmin atamfa na uwar gida, a yi masa barka da zuwa, ba mai tambayar da me aka samo. Birni ya zame masa mayafi. Abin da Bahaushe yake roƙo kullum bayan salla, wato rufin asiri, wani sashensa a nan yake samunsa.

Haka bazawarar da ta taho wurin gwaggonta a Kurna ko Rijiyar Lemo. Ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, ko ta shiga Islamiyyar dare, ko ta koyi ɗinki. A sabuwar unguwa sunanta Maman wance, shi ke nan. Ba wanda ya san mijin da ya sake ta, balle a ce ita ce mai laifi. Mutum nawa ne suka miƙe bayan faɗuwa don kawai sun sami wurin da ba a ga faɗuwar tasu ba?

Ba mu kaɗai muka lura da wannan ba. A 1903 wani masanin zamantakewa Bajamushe, Georg Simmel, wanda ya tashi a birnin Berlin, ya yi rubutu kan yadda babban birni ke sauya tunanin mazauninsa. A ganinsa, mutumin birni yana haɗuwa da fuskoki da sautuka fiye da yadda zuciya za ta iya ɗauka, don haka dole ya koyi kame kai da kau da ido, in ba haka ba ya zauce. Wannan kamewar, wadda baƙo ke ɗauka rashin kirki ce, ita ce kuma take ba kowa 'yancin zama yadda yake so. Da Simmel ya zo Kano, da a daidaita sahu za mu saka shi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, keken nan ya zama ɗakin taronmu. Mutum uku a baya, gwiwa na gugar gwiwa, ba wanda ya san wani. Na taɓa hawa daga Ƙofar Nasarawa tare da wani magidanci da ya sauko daga wajen asibiti. Hawaye na bin kuncinsa, yana sharewa da hannun riga. Ba wanda ya ce masa me ya faru. Na kusa da shi ya ce, "Allah ya kawo sauƙi," direba ya rage sautin rediyo, muka yi shiru har ya sauka. Da a garinsu ne, da ya haɗiye kukan nan, domin namiji ne, kuma an san shi. Mu da ba mu san shi ba muka ba shi wurin yin sa.

Wannan ke nan game da zama inda ba a san ka ba. Sai kuma ɗan'uwansa, wato kaɗaici. Mu duba gidajenmu da gaskiya. Ɗaki ciki da falo, mata da miji da yara biyar, ga ƙanen maigida da ya zo karatu, ga baƙuwa daga ƙauye da ta zo ganin likita. Rediyo na yi, injin markaɗen maƙwabta na yi, janareton mai cajin waya na yi. A ina mutum zai zauna ya ji maganar zuciyarsa? Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya iso ƙofar gidansa da magariba, ya kashe mota, ya yi zamansa a ciki minti 15 kafin ya yi sallama. Ba faɗa ya yi da iyali ba. Shi ya sa za ka ga ɗaliba ta toshe kunne da abin sauraro alhali ba abin da take saurare. Wani kuma bayan sallar azahar sai ya jingina da ginshiƙin masallacin kasuwa, ya rufe fuska da hula. Wani ya tafi ɗakin karatu na Murtala Muhammad ya buɗe jarida, shafi ɗaya har la'asar. Wasu dutsen Dala suke hawa da yamma. Daga can sama za ka hangi birnin shimfiɗe, hayaniyarsa na zuwa maka kamar kukan ƙudan zuma daga nesa, har kiran sallar magariba ya tashi daga masallatai ta kowace kusurwa. Na hau sau da dama, kuma ban taɓa saukowa da nauyin da na hau da shi ba. Rai dangin goro ne, in ji Hausawa, hutu yake so.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce muka aro. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kafin a aiko shi yakan bar hada-hadar Makka, garin fatake da kasuwa, ya hau kogon Hira ya keɓe darare. Muna da i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Mutanen ɗariƙa suna da halwa. Imamu Gazali yana kan ganiyar ɗaukaka, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, manya na zaune gabansa, sai a 1095 ya ajiye komai ya fice. Ina ya nufa? Dimashƙa, wani babban birnin, inda ya riƙa keɓewa a masallacin Banu Umayya kamar kowane baƙo. A cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya ware babi guda kan ladubban keɓewa, ya auna amfaninta da illarta. Amma ku lura da abu ɗaya. Mai i'itikafi a masallaci yake yi, cikin sahun jama'a, kuma in an ga wata sai ya naɗe tabarmarsa ya fito a yi idi da shi. Gazali ma ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. Duk wanda ya shiga keɓewar nan ya shiga ne da niyyar fitowa.



Kakanninmu matafiya ne, sun san baƙunta tun kafin a yi mota. Amma ba su taɓa yarda su narke a garin wasu ba. Duk inda fataken goro da shanu suka sauka sai sun kafa zango: a Kumasi, a Ankara, a Yawunde, a Sabo ta Ibadan. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya yi nazarin Hausawan wurin, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya gani shi ne baƙo ba ya sauka a banza. Yana da maigida wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice. A bisa masu gida kuma ga Sarkin Hausawa. Ke nan mutum ya tsere wa idon garinsu, amma bai faɗa rami ba. Mutanen Ibadan dubu ba su san shi ba, mutum biyar a Sabo sun san inda yake kwana.

Wannan tsari ne yake sassautawa yanzu. Tun wajen 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa cewa mazauna birane sun fi rabin mutanen duniya, kuma mu ma nan Najeriya abin ya rinjaya wajen birni. Ku dubi Abuja, wadda gwamnati ta tare a cikinta a Disambar 1991. Kusan kowa a can baƙo ne. Matashi ya kama ɗaki mai banɗaki a ciki a Mararaba ko Kubwa ko Lugbe, ya fita kafin gari ya waye saboda cunkoson hanya, ya dawo bayan isha'i. Shekara biyu suna haɗa katanga da maƙwabcinsa, abin da ya sani game da shi bai wuce ƙarar janaretonsa ba. Abinci a kawo masa, kuɗi ya tura ta waya, ko mai kanti ba ya buƙatar yi wa magana.

Abin mamaki kuma, wayar nan da ta raba shi da maƙwabci ita ce ta dawo masa da idon da ya gudo. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, ɗan ci-rani in ya tafi ya tafi ke nan sai damina. Sai dai wasiƙa ta hannun direba, ko kaset ɗin da aka naɗi muryar iyali, ko gaisuwa a filin zaɓi sonka. Yanzu kuwa ƙauyen gaba ɗaya yana cikin aljihunsa. Zauren dangi a WhatsApp, zauren 'yan ajinsu, zauren 'yan unguwa. An yi haihuwa, an sa rana, rufin ɗakin Inna ya yaye, a turo. Ya sa hoto da sabuwar riga, kafin la'asar an kira shi an ce ashe an samu. Ba a banza ba wasu ke kashe waya in wata ya zo ƙarshe. Mun wayi gari na nesa yana ganin mutum dare da rana, na kusa da zai iya kawo masa ruwa in ya faɗi bai san shi ba. In ka tambaye ni, an yi musanya mara riba.

Na ga ƙarshen irin wannan zama da idona. A wani gidan haya da na taɓa zama, ɗakuna 12 a jere, akwai wani malami mai koyarwa a makarantar kuɗi. Mutumin kirki, ba ruwansa da kowa, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Wata ranar Alhamis ya shiga ɗaki ya kulle. Juma'a ba a gan shi ba, muka ce ya yi tafiya. Asabar ma haka. Ranar Lahadi da safe ɗan ga-ruwan da ke kawo masa jarka biyu ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ina malam? Kwana uku bai fito da bokitinsa ba, kuma ga takalminsa a ƙofa." Muka dubi juna. Mu 11 muna tsallake takalmin nan safe da yamma, ba wanda ya yi tunani. Aka ɓalle ƙofa aka same shi kwance, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, ko magana ba ya iyawa, wayarsa ta mutu a gefen katifa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Mu da muke alfahari da cewa ba ma shiga harkar kowa, ɗan ci-rani mai tura kura shi ya fi mu sanin haƙƙin maƙwabtaka.

Ƙasashen da suka riga mu nisa a wannan hanya sun ga abin da ya fi haka. A arewacin Landan an taɓa samun wata mata da ta rasu a ɗakinta a ƙarshen 2003, ba a gano ba sai Janairun 2006, talabijin ɗinta na kunne, kuma ɗakin a saman wata cibiyar kasuwanci yake, inda dubban mutane ke kai-kawo kullum. Japan har kalma suke da ita ta mutuwar kaɗaici, kodokushi. Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, kuma a Nuwambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan lamarin. Abin da mai unguwa da tsofaffin lungu suke yi mana kyauta, su sai da suka kafa masa ofis da kasafin kuɗi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sannan mayafin da ya rufe mai neman halal, shi ne dai yake rufe ɓarawo. Mutanen Kano ba su manta da hare-haren 20 ga Janairun 2012 ba, da yadda bayan nan kowa ya shiga tambayar wa ke haya a gidan da ke kusa da shi. Yau kuma ana ƙwace wa mutum waya da rana tsaka a bakin titi, jama'a na kallo, kowa na cewa ba ruwana. Kau da idon da ya ba magidancin nan damar yin kukansa a daidaita sahu, in ya wuce gona da iri, shi ne yake barin mutum cikin jini a gefen hanya.

To ina mafita? Ni dai ba zan ce wa kowa ya koma ƙauye ba, kuma ba zan ce dattijon Fagge ya yi laifi ba. Son a ƙyale ka ba cuta ba ne. Wanda ya ce yana son zama shi kaɗai na awa ɗaya, a bar shi, kada a bi shi da "lafiya kuwa?" Uwar gida ma tana da wannan haƙƙi. Maigida, kai da kake da majalisa da masallaci da teburin mai shayi, ka taɓa kwashe yaran nan ka fita da su don ita ma ta ji shirun gidanta?

Kai kuma mai son keɓewa, ɗan'uwa, ka sha shirunka, amma ka bar ƙofa ɗaya a buɗe. Miliyoyin mutanen birni ba sai sun san ka ba. Mutum biyu ko uku dole ne. Ka riƙe masallaci ɗaya da in ba a gan ka a sahu ba za a tambaya. Ka ba maƙwabci ɗaya lambar wani naka. In za ka yi tafiya ka faɗa wa mai kantin ƙofar gida. Kuma ka riƙa auna kanka: in keɓewar tana sa ka fito da sakin fuska, magani ce. In kuwa ka wayi gari ba ka son ɗaga waya, ba ka son abinci, barci ya ƙaurace, ka daina jin daɗin abin da ka saba so, to ta zama ciwo, kuma ciwon damuwa yana da likita kamar yadda zazzaɓi yake da shi.

Mu kuma dangi da 'yan unguwa, a nan babban gyaran yake. Sa ido daban, kula daban, kuma kowa ya san bambancinsu a zuciyarsa. Mai kula yana tambaya ne don ya kawo ɗauki, mai sa ido don ya sami abin faɗa a majalisa. Da mun rage "yaushe za ka yi aure" da "har yanzu shiru" da "nawa ake biyan ka", da 'ya'yanmu ba su riƙa ƙirga kwanakin komawa birni tun ranar da suka zo hutun salla ba. Mu muke korar su da baki, sannan mu ce birni ya cinye su.

Hukumomi ma da nasu. Duk filin da ya rage a birni an yanka shi an yi shaguna. Talaka yana buƙatar inuwar bishiya da benci inda zai zauna ba tare da an ce ya sayi wani abu ba. Mai kuɗi yana da lambu a gidansa. Ɗan dako fa?

Kwanan baya na koma wurin mai shayin nan na Fagge, ban tarar da dattijon ba. Na ce, "Ina mutuminka? Wai ma meye sunansa?" Yana fifita wuta ya ce, "Wallahi ban sani ba, Baba muke ce masa. Ya je ganin jikoki, jibi zai dawo, ya faɗa mini. Ai in ya kwana biyu bai zo ba, na san ƙofar da zan aika yaro."

Masu sauraro, iyakar abin da ake nema ke nan. A daren nan, kafin ka kulle ƙofarka, ka duba ta maƙwabcinka. In ka ga takalmi ya kwana uku a wuri ɗaya, ka ƙwanƙwasa. In ya amsa lafiya lau, ka ce masa a kwana lafiya, ka bar shi ya huta.